Gudu Ko Tafiya: Minti Nawa Ya Ishi Mai Juna Biyu Da Maigidanta?



Kwanakin baya wani bawan Allah daga Sabon Gari ya rako matarsa awo, cikinta wata shida. Da muka gama da ita sai ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Sista, don Allah ki duba mini wannan." Sakamakon gwajin jininsa ne. Suga ya ɗan haura, kitsen jini ma ya haura, likita kuma ya ce ya riƙa motsa jiki. Abin da yake so ya sani shi ne gudu nawa zai yi: daga PZ zuwa Kwangila ya isa, ko sai ya dangana da Samaru ya dawo? Ban kai ga ba shi amsa ba matar ta ce, "Ni kuwa Mama ko shara ta hana ni, ta ce ciki ba ya son girgiza." Shi yana ganin in ba gudun fitar rai ya yi ba, aikin banza ne. Ita kuma an zaunar da ita kamar ƙwai a cokali. A ganina dukkansu an kauce hanya, shi ya sa na ce bari in yi maganar a nan kowa ya ji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a shekarar 2020. Babban mutum, mace ko namiji, yana bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri, ko minti 75 na mai ƙarfi, irin gudu. Wato minti ɗaya na gudu yana tsaya wa minti biyu na tafiya da sauri. Mai juna biyu wadda cikinta ba shi da matsala, ita ma minti 150 ɗin aka ce ta samu. In kin raba, minti 30 ke nan sau biyar a mako. Kai maigida in gudu ka zaɓa, minti 25 sau uku a mako, ko minti 15 sau biyar, ka cika. Ba a ce sai ka kai Samaru ba.

Yaya za ki gane tafiyarki ta kai? Ki gwada da bakinki. In kina iya hira amma ba za ki iya rera waƙa ba, kin kai. In maganar ma ta gagara sai haki, kin wuce, ki rage. In kuwa kina tafe kina rangaji kamar mai rakiyar amarya, wannan yawo ne. Tafiya da sauri kamar taku 100 ne a minti ɗaya.

Sai dai abubuwa ukun da aka fi tambaya a kansu, wato kwanciyar rai da suga da kitsen jini, ba lokaci ɗaya suke amsawa ba, kuma ba kuɗinsu ɗaya ba. Wannan ne ba a cika gaya wa mutane ba, sai mutum ya yi mako uku ya koma gwaji, ya ga lamba ba ta motsa ba, ya yi fushi ya daina.

Rai shi ya fi saurin amsawa, kuma shi ya fi araha. Sau da yawa a ranar da kika fara za ki ji sakayau, barci ya zo da sauƙi. A 2022 masana sun tattara bincike da dama da aka yi kan manya, suka ga masu tafiya da sauri ta awa biyu da rabi a mako haɗarin kamuwarsu da ciwon damuwa ya ragu da kashi 25 cikin 100, in aka gwada da waɗanda ba sa motsi. Masu yin rabin haka, awa ɗaya da kwata a mako, nasu ya ragu da kashi 18. Ki duba da kyau: mafi yawan ribar tana cikin mintocin farko, lokacin da mutum ya tashi daga zama ya fara. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 16 cikin 100 na fama da matsalar damuwa lokacin ciki, kusan 20 cikin 100 kuma bayan haihuwa. Mu a nan mukan ce shagwaɓa ce, ko laulayi, ko a ce iska ce. Amma ki ji ni: in baƙin ciki ya zauna miki ya haura mako biyu, kina kuka babu dalili, ba kya son abinci ba kya son mutane, ko zuciya na raya miki ki cutar da kanki ko jaririnki, tafiya kaɗai ba za ta wadatar ba. Ki zo ki faɗa mana, akwai magani, ba kuma abin kunya ba ne.

Suga shi ne inda nake so in daɗe, don shi ya fi taɓa mai ciki.

Duk abin da kika ci na hatsi, tuwon shinkafa ne, ko na masara, ko koko, ko waina, ko burodi, jiki na narkar da shi ya koma suga ya shiga jini. Akwai wani sinadari a jiki mai suna insulin, shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Daga tsakiyar ciki zuwa gaba, mabiyiya na fitar da wasu sinadarai masu rage wa insulin ƙarfi, don abinci ya daɗe a jini ya isa ga ɗan da ke ciki. Hikima ce ta Ubangiji. Amma a jikin wasu matan abin kan yi yawa, suga ya taru, shi ne ciwon suga na masu juna biyu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan haihuwa ɗaya cikin shida, uwar ta yi fama da hawan suga lokacin cikin. Yawanci ba ya ciwo, ba ya nuna alama. Shi ya sa ake gwajinsa tsakanin mako 24 da 28, wanda za ki zo ba ki karya ba, a ɗebi jini, a ba ki ruwan suga ki sha, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da awa biyu. In na kafin karyawa ya kai 5.1, ko na awa biyu ya kai 8.5, an same shi. Illarsa kuwa mu a ɗakin haihuwa muke ganinta: yaro ya yi ƙato ya haura kilo 4, kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko a kai ga tiyata, ko a haife shi sugansa ya faɗi a awannin farko. Mutane na murna an haifi ƙato, mu kuwa mun san abin da uwar ta sha.

Ga inda tafiya ta shigo. Tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ko da insulin ya yi rauni, kamar an buɗe wata ƙofar baya. Bayan an gama kuma, jiki kan ci gaba da jin insulin da kyau na kwana ɗaya zuwa uku, daga nan amfanin ya dushe. Saboda haka ne likitocin suga ke cewa kada a jera fiye da kwana biyu ba a motsa ba. Wanda ya tara duka ya zuba ranar Asabar a filin ƙwallo ya samu wani abu, amma ta fuskar suga ya bar kwanaki da yawa babu tsaro. Lokacin ma yana da tasiri. Wani bincike da aka yi a ƙasar New Zealand a 2016 kan masu ciwon suga ya nuna tafiyar minti 10 bayan kowane abinci ta fi sauke sugan bayan cin abinci a kan tafiyar minti 30 a dunƙule, musamman bayan abincin dare. To mu kuwa abincin dare shi ne mafi nauyi, malmalar tuwo biyu, a sha ruwa, a miƙe a tabarma. Minti 10 bayan karin kumallo, 10 bayan na rana, 10 bayan tuwon dare, kin haɗa 30 ɗinki ba ki ko fita ƙofar gida ba.

A 2018 masana a Kanada sun haɗa gwaje-gwajen da aka yi kan masu ciki, suka samu motsa jiki na rage yiwuwar sugan ciki da hawan jinin ciki da kusan kashi 40 cikin 100, har da irin hawan jinin nan mai kai mace ga jijjiga. Sun kuma ga ba ya ƙara ɓari, ba ya ƙara haihuwar bakwaini. Don Allah a karanta wa Mama wannan layin.

Kai ma maigida mai sugan da ya fara leƙowa, akwai naka labarin. A Amurka an yi wani babban gwaji da aka bayyana a 2002, kan mutane fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa. Waɗanda aka sa su motsa jiki minti 150 a mako, yawanci tafiya da sauri, tare da gyara abinci da rage ƙiba kaɗan, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, da kashi 31. Ban ce wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye ba. Wanda kuma ke allurar insulin, mace ko namiji, ya riƙa fita da dabino ko 'yar alewa a aljihu, don suga na iya faɗuwa a hanya.

Kitsen jini, wanda likitoci ke kira kolestarol, shi ne mai taurin kai. A takardar gwaji za ka ga iri biyu: HDL mai kyau, mai kwashe kitse daga jijiyoyi, da LDL marar kyau, mai liƙewa ya toshe su. Gaskiyar magana, motsa jiki kaɗan yake ɗaga mai kyaun, kuma sai an kai kamar awa biyu a mako an kuma jure watanni. Marar kyaun ma ba ya sauka sosai da gudu kaɗai. A Jami'ar Duke ta Amurka an gwada wannan, aka buga a 2002: waɗanda suka yi daidai da sassarfar kilomita 32 a mako su suka fi samun gyara, masu kilomita 19 suka samu kaɗan, ko da sassarfa suka yi ko da tafiya. Yawan abin da aka yi ya fi saurinsa muhimmanci. Wani binciken na 2013 da ya bi masu gudu fiye da 33,000 da masu tafiya kusan 16,000 ya ga in ƙarfin da aka kashe ɗaya ne, ribar ta yi kusa da juna wajen hawan jini da kitse da suga. Mai gudu lokaci kawai ya rage wa kansa. Saboda haka Alhaji, in kitse ne damuwarka, ka nufi minti 300 na tafiya ko 150 na gudu a mako, kada ka koma gwaji sai bayan wata uku, sannan ka dubi kwanonka. Ba za ka yi gudun asuba ka rufe dare da balangu mai kitse da man shanu a tuwo da lemon kwalba ba, ka ce takarda ta yi maka ƙarya. In ka haura shekara 40, ko kana da hawan jini, ko ƙirjinka na ɗaurewa in ka hau bene, ka ga likita kafin ka fara gudu, kuma ka soma da tafiya.

Ke kuma mai ciki, ki cire kitsen jini daga lissafinki yanzu. Ciki da kansa yana ɗaga shi, da kashi 25 har zuwa 50 cikin 100, don da shi ake gina jikin yaro da sinadaran da ke riƙe cikin, bayan haihuwa ya sauka. Kada wani ya gwada ki a kemis ya tsorata ki. In da ma kina shan maganin rage kitse kafin ki samu ciki, ki kawo shi likita ya gani tun zuwan farko.

To ke za ki yi gudu? In da ma kin saba tun kafin ciki, kamar wasu ɗalibai da ma'aikata da ke zagaya filin wasa na jami'a a Samaru, ƙa'idar ta yarda ki ci gaba muddin an duba ki an ga babu matsala, kina ragewa yadda jiki ya nuna. In ba ki taɓa yi ba, ra'ayina shi ne ciki ba lokacin koyon gudu ba ne. Gaɓoɓi sun saki, nauyi ya koma gaba, hanyoyin unguwanninmu kuma ga ramuka ga kwata ga 'yan acaɓa. Tafiya za ta ba ki abin da kike nema. Ki fara da minti 10 ko 15, ki riƙa ƙarawa kowane mako.

Yanzu bari in juyo gare ku iyayenmu, da girmamawa. Kukan ce a zamaninku ba ku san wani motsa jiki ba kuka haihu lafiya. Gaskiya ne ba ku san sunan ba, amma kun yi aikin. Kun yi surfe da daka, kun yi niƙa a dutse, kun ja guga, kun je unguwa da ƙafa. Surukarku yau inji ke mata niƙa, 'yan garuwa ke kawo ruwa, Keke Napep ke ɗaukar ta daga ƙofar gida ya dire ta a bakin kasuwar Samaru. Sauƙi ne, mun gode Allah, amma jikin bai canza ba, har yanzu yana neman aikinsa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne a hana yarinya motsi wata takwas, ranar da ta shiga na tara a miƙa mata taɓarya a ce ta yi ta daka don naƙuda ta zo da sauƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jikin da ya yi wata takwas a kwance, daka ta kwana goma ciwon baya kawai za ta ƙara masa.

Ban manta da ɗaya ɓangaren ba. Akwai matan da ke zuwa mana daga ƙauyukan kewaye, ko masu sana'ar suya da wankau a cikin gari, da tun asuba suke tsaye, ga itace ga ruwa ga goyo. Irin wannan ba ta bukatar in ƙara mata minti 30. Abinci take bukata, da maganin ƙarin jini, da wanda zai karɓe mata ɗaukar kaya masu nauyi. Maganata da wadda yininta ke ƙarewa tsakanin kujera da katifa da waya ce.

Wata za ta ce maigida ba ya barin fita. Tsakar gida ta isa: ki zaga, ki je zaure ki dawo, taku 1,000 minti 10 ne. In gidan haya ne mai ɗaki ɗaya, ki yi taku a tsaye kina sauraron rediyo, ko ku haɗu da maƙwabciya ku zaga tare. Amma maigida, ka fi kowa cin riba in ka ce ta sa mayafi ku taka tare bayan magariba ko bayan asuba, tunda kai ma an ce ka yi. Wanda ke ganin abin da nauyi ya tuna ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA). Masu zuwa coci ko Islamiyya a kusa, a bar keke a tafi da ƙafa, yana cikin lissafi.

A kula da yanayin garinmu. A bazara, watannin Maris da Afrilu zuwa farkon Mayu, kada mai ciki ta yi tafiyarta da rana tsaka, sai da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, ta sha ruwa kafin ta fara da bayan ta gama. Da hunturu in ƙura ta yi yawa, musamman mai asma, ta yi a cikin gida. Takalmi ya zama shimfiɗaɗɗe mai kama ƙafa. Bayan wata uku na farko a bar duk motsin da ake yi a kwance rigingine.

Akwai waɗanda ba za su fara ba sai likita ya amince: wadda hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, mai zubar jini, wadda faya ta fashe, mai hawan jinin ciki, mai ciwon zuciya ko ƙarancin jini mai tsanani, mai sikila, mai 'yan biyu, da wadda ta taɓa haihuwar bakwaini. Kowace ce kuma, in tana cikin tafiya ta ga jini ko ruwa, ko mara ta riƙa ɗaurewa tana saki a jere, ko ta ji jiri, ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko motsin yaro ya ragu, ta tsaya nan take a kawo ta asibiti. Kada a jira ranar awo.

Bayan haihuwa ma ba a rufe littafin ba. Wadda ta haihu da kanta lafiya tana iya fara takawa a hankali cikin kwanakin farko, ba sai an yi arba'in ba, wadda aka yi wa aiki kuma ta bi abin da likitanta ya ce. Gudu dai a jira kamar wata uku, sai ƙugu da mara sun koma daidai. Ba ya rage nono. Wadda aka samu da sugan ciki ta dawo gwaji tsakanin mako 6 da 12, ta kuma riƙe tafiyar nan hannu biyu, don tana cikin waɗanda ciwon suga na dindindin ya fi bi daga baya.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman a nan Zariya: tun shekarun 1970 likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Davidson da Parry, suka yi rubutu kan yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, suka danganta shi a lokacin da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Har yau muna ganin ciwon. Saboda haka in mai jego tana haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi, kada a ce son jiki ne a tilasta mata tafiya. A ɗauko ta a kawo ta a ranar.

Ranar awonki mai zuwa ki zo da amsar tambaya biyu, don zan yi miki su bayan na auna jini da nauyi: kwana nawa kika taka a makon nan, kuma minti nawa. In maigida ya rako ki, shi ma zan tambaye shi nasa.